Likkafanin Inna

Mutanen da ke zuwa gaishe ni yanzu, in sun zauna sun sha ruwa, ba su daɗewa sai su kawo zancen autanmu. Wani ya ce ya gan shi a dandali a Sakkwato yana sa manyan mutane share ido. Wata ta ce ita a akwatin talabijin ta san shi. Yara kuma sun ce ya daina fitowa, yanzu shi ke zama bayan na'urar ɗaukar fim yana gaya wa wasu inda za su tsaya da yadda za su ɗaga kai. So suke in ce tun yana ƙarami na ga alama na sa masa albarka. Ban sa ba. Na dai ga farkon abin da idona, kuma ba a kansa ya ƙare ba, a kan matarsa ya ƙare.

A shekarun nan ne kafin Turawa su tafi. Muna Gwandu, gidan mahaifinmu. Mijina ya rasu, ban sake aure ba, na dawo ina jinyar Inna, wadda ƙafa ta riga ta ƙi ta. Auta shi kaɗai aka kai boko a gidanmu. Da ya gama sai aka ba shi aikin koya wa manya karatu a Kalgo. Wuri ne mai nisa, sai ya yi mako biyu ko uku kafin ya zo a kan kekensa, ya kwana biyu ya koma. Matarsa ya bar mana.

'Yar Diggi ce, ɗiyar masunta. A can ya gan ta ya ce ita yake so. Ban so auren ba, ban kuma ɓoye ba. Mu mutanen tudu ne, noma da 'yan shanu da allo. Mutanen ruwa kuwa, tun muna yara ake ce mana suna da abubuwan da suke yi waɗanda ba a tambaya. Yarinyar ba ta yi mini komai ba. Tana da hannu a tuwo, tana wanke Inna ba ta yamutsa fuska, in ina kaɗi ta zo ta zauna kusa da ni tana tsince auduga. Ba ta da surutu. Shirun nata shi ya fi damuna, don ni mutum in bai yi magana ba sai in fara tunanin abin da yake riƙewa.

Akwai adaka a ƙarƙashin gadon Inna, likkafaninta ke ciki. A wajenmu tsohuwa mai hankali ba ta bari sai ta mutu a shiga kasuwa ana neman fari, tana shiryawa da ranta. Inna ta ƙi alawayyon kanti, ta ce abin da ba ta san hannun da ya saƙa ba ba zai bi ta kabari ba. Saboda haka ni na yi aikinsa daga audugar gonarmu. Na gurza, na shiɓa, na kaɗa, rani biyu ina abu ɗaya. Na aika wa wani masaƙi a Maruda, ya saƙo, na haɗa na ɗinke da hannuna. Ya fito babba, mai faɗi, ba a yanka ba, sai ranar da za a buƙace shi. Adakar ba ta da kwado. Da igiyar rama nake ɗaure ta, da wani ƙulli nawa: in zagaya sau biyu, in soke ta ƙasa, in ja bakin igiyar da haƙori. In wani ya taɓa, ina gani.

Bayan an gama yankan dawa jikin Inna ya yi nauyi, kwana uku ba ta karɓi komai ba sai ruwan kunu. Ran Juma'a da hantsi na ce bari in fito da farin nan in shanya ya sha iska, kada ranar ta zo a same shi da wari. Na jawo adaka. Ƙullina yana nan yadda na san shi. Na kwance, na ɗaga murfi. Saiwar jema da nake sawa don ƙamshi tana nan, tsohuwar tasbahar Baba tana nan. Fari babu.

Na yi salati da ƙarfi. Auta yana gida, tun jiya ya zo, yana bakin zaure yana goge kekensa. Ya shigo da gudu.

"Adda, mi ya faru? Inna ce?"

Na nuna masa adaka. Ya leƙa, ya dafe kai da hannu biyu, ya zauna daɓas a ƙasa. "Innalillahi. Likkafani, Adda? A cikin gidan ga? Wane marar tsoron Allah ne wanga?" Idonsa ya kawo ruwa. Ya tashi ya ɗaga tabarmi, ya zazzage kwandon tsumma, ya hau rumbu ya leƙa, har rijiya sai da ya duba. Ni ce ma na ce ya zauna kada ya tada hankalin Inna.

Matarsa tana ƙofar madafa da muciya a hannu. Ba ta zo ba, ba ta tambaya ba. Ƙasa take kallo. Na lura da wannan na ajiye.

Kafin ya koma Kalgo ya ja ni gefe ya ce, "Adda, a bi a hankali. Kar ki yi wa kowa magana sai na dawo. Abu irin wanga yakan koma inda anka ɗauko shi."

Na ce to. Amma yana hawa keke na fara lissafi. Ɗakin Inna mu uku ke shiga. Inna ba ta tashi. Auta na ga halin da ya shiga. Sannan ƙullin. Wanda ya mayar da shi haka, ya daɗe yana kallon hannuna. Wa ke zama kusa da ni yini guda?

Da la'asar maƙwabciyarmu mai kitso ta shigo ɗibar wuta, ta ga fuskata, ba ta bar ni ba sai da na gaya mata. Ta ajiye kaskon wutar, ta matso.

"Ke ma dai, kamar ba a garin ga kika girma ba. Wa ke satar likkafani don ya ɗaura? Aiki aka yi da shi. A yanki ƙyalle a kai wa mai magani, a ɗinke a sa cikin matashin miji. Daga ranar ba shi da ta cewa, sai yadda anka juya shi. Ba ki ga yadda ƙanenki ke rawar jiki a kanta ba?"

Sai na tuna gwaggon yarinyar ta zo daga Diggi kwanakin baya, ta kawo mana bandar kifi, ta koma da ƙunshi a kai. Ni na zuba mata gero da kuka da hannuna. Amma da na zauna ina tunawa, sai na ga kamar ƙunshin ya fi abin da na zuba girma. Kullum na sake tunawa, ƙunshin ƙara girma yake yi.

Kwana takwas ina bin ta da ido. In ta daɗe a bayan gida, na san ta daɗe. In ta rage tuwo, na ga ta rage. Rannan ta tafi rijiya, na shiga ɗakinsu na farke matashin auta, na zazzage rimin da ke ciki. Ban sami komai ba, na ce ai ta fi ni wayo. A ƙarƙashin tabarmarta na sami wata 'yar laya da ɗan ƙoƙon mai mai ƙarnin kifi. Man shafawa ne na sanyin ƙashi, daga baya na sani, ubanta ya ba ta don ƙafar Inna. A ranar dai ba haka na karanta shi ba.

Ta dawo ta tarar da rimi a tsakar ɗaki. Ta sauke tulu, ta durƙusa tana tsincewa.

Na ce, "Ke, ɗago ki dube ni. Ina farin Inna?"

"Ban ɗauka ba, Adda."

"Kin san wanda ya ɗauka?"

Ta ci gaba da tsince rimi.

Inna ta jiyo mu daga ɗakinta, daga kan gado ta ce, "Ke dai kin cika sa ido. Ƙyale ɗiyar mutane. In na mutu ku naɗe ni da tabarma, wa zai kai ku ƙara?" Na ce mata ta yi shiru ta sha kununta. Zazzaɓi ya ɗan sake ta a kwanakin, bakinta ya dawo.

Ban jira auta ba. Na aika aka kira malamin unguwarmu, ya zo da Alƙur'ani a cikin gafaka ya zauna a zaure. Ban gayyaci kowa ba, amma mai kitso ta riga ta yi aikinta. Mata sun cika tsakar gida, wata ta zo aron rariya, wata ta zo duba Inna, ba wadda ta tafi. Yarinyar ta yi alwala ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa. Ni na faɗi abin da za ta rantse a kai: ba ta ɗauka ba, kuma ba ta san wanda ya ɗauka ba.

Ta ce da ƙaramar murya, "Malam, na farkon zan rantse."

Ya ce, "Na biyun fa, ɗiyata?"

Ba ta amsa ba. Ya sake tambaya. Hawaye ke sauka a kan gwiwarta, amma baki a rufe. Malamin ya daɗe yana dubanta, sannan ya mayar da Alƙur'ani cikin gafaka, ya ce mini, "A bar maganar nan inda take, baiwar Allah. Ban ga ɓarauniya ba." Ya sa takalmi ya fita. Ni kuwa na ce a raina, ai ga shi nan. Ba ta ɗauka da hannunta ba, ta nuna wa gwaggonta ta ɗauka. Matan da ke tsakar gida ma haka suka fahimta, kuma kafin magariba unguwa duka ta fahimta tare da su.

Washegari da safe ta wanke Inna, ta dama mata kunu, ta share tsakar gida. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Adda, zan tafi gida." Ban ce mata zauna ba. Ta bi masu kifi da ke komawa bakin gulbi, da zane ɗaya a ƙunshi. Ko kwanoninta ba ta ɗauka ba.

Juma'ar da auta ya kamata ya zo ta wuce bai zo ba. Na ce to, ni zan je. Abu biyu zai kai ni: in sa shi ya rubuta mata takardar saki a gabana, sannan in wuce Diggi in karɓo abin da ya rage na farin. Na bar Inna a hannun mai kitso, na bi ayarin masu jakuna da ke kai gero. Muka yini muna tafiya, muka kwana a Dangoma, muka shiga Kalgo ran kasuwa bayan azahar. Ƙafafuna sun kumbura, amma ban zauna ba. Na tambayi wata mai fura inda zan sami malamin da ke koya wa manya karatu.

"Af, ɗan Gwandu? Shina filin makaranta. Yau za su yi wasa, kowa can zai tafi. Ni ma kwashe furar ga nike in bi."

Na ce wane irin wasa, dambe ko kokawa? Ta yi dariya ta ce in je in gani.

Ta bayan makarantar na ɓullo, don haka na riga masu kallo ganinsa. Na tsaya a gindin wata tsamiya, na ja mayafi. Yana tsakiyar wasu magidanta biyar ko shida, ɗalibansa, wasu sun haife shi. Ban taɓa ganinsa haka ba. A gida in na yi gyaran murya sai ya nemi inda zai sa hannunsa. Nan kuwa ya kama wani dattijo mai farin gemu a kafaɗa yana juya shi kamar tulu.

"Ba nan ba, Baba, nan. In ka juya musu baya wa zai ji ka? Kuma kar ka yi dariya. In kai ka yi, su ba za su yi ba."

"To Malam, in ta taso mini fa?"

"Cije ta. Tuna ranar da ɓera ya shiga rumbunka."

Ya koma kan wani ya gyara masa rawani, ya ce wa wani ya riƙa ƙirga uku a ransa kafin ya amsa. Duk suna bin maganarsa. A gabansu an kafa sanduna biyu, an ja igiya, an rataya wani farin abu da ya raba su da masu kallo. Da farko ban ba shi hankali ba, auta nake kallo. Sai iska ta ɗan taso ta kaɗa shi, rana ta bi ta cikinsa.

Akwai wani layi, na uku daga gefe, inda zaren ya fi kauri. Wannan na kaɗa shi ne lokacin da nake fama da zazzaɓi, hannuna ba ya tsayawa, masaƙi har aiko mini ya yi da ƙorafi. Ga shi nan yana kallona. Sun huda bakinsa na sama wuri-wuri, sun zura igiya.

Ban yi ihu ba. Har yau in aka tambaye ni dalili sai in ce ina son in ga iyakarsa. Na zagaya na shiga cikin mata na zauna a ƙasa.

Aka buga gwangwani, wasu biyu suka ja farin gefe guda. Labarin wani magidanci ne da aka aiko masa takarda, shi kuwa bai iya karatu ba. Dattijon nan mai gemu shi ne magidancin. Yana juya takarda sama da ƙasa, mutane suna dariya. Sai ya ƙwala kira, "Adda!"

Wata mace ta fito, ɗaure da zane har ƙirji, da kallabi an ja shi har gira. Tana tafiya tana dafe da ƙugu da hannun hagu. Ta tsaya, ta yi gyaran murya sau biyu, ta dubi magidancin daga ƙafa zuwa kai ba ta ce komai ba. Wurin ya fashe. Ta fizge takardar, ta shinshina, ta ce, "Wa ya ba ka? Mi ya sa ya ba ka? Mi ya sa kai ya ba, bai ba wani ba?" Ta ce sammu ne, ba mai buɗewa. Ta jawo wani akwati ta jefa takardar ciki, ta ɗauko igiya. Ta zagaya sau biyu, ta soke ta ƙasa, ta ja bakin igiyar da haƙori.

Matar da ke kusa da ni tana dukan cinyata don dariya. "Wallahi akwai irinsu, iya! Kowane gida da tasa!"

Ban ji sauran ba. Na san dai a ƙarshe an sami mai karatu ya buɗe takardar, ashe albishir ne, lokaci kuma ya wuce. Ni hannun nan nake gani, hannun auta ne. Shekara nawa yana zaune a gefena, yana ƙarami, ina tsammanin jiran ɗumame yake yi.

Da aka watse na tashi na zagaya baya. Yana tsaye yana yaba wa dattijon, zane har yanzu a ƙirjinsa. Ya juyo ya gan ni.

"Adda."

"Cire zanen mutane ka yi mini magana da kamarka."

Ɗaliban suka dubi juna, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance zanen ya cire kallabi, ya durƙusa.

"Adda, wallahi aro na yi. Na nemi yadi a ofis anka ce babu. Na ga masu majigi da farinsu, na ce in babu labule mutane za su ga muna shiri, abin ba zai yi armashi ba. Yau ɗin ga nike cewa in an gama in wanke, jibi in mayar, ba wanda ya sani."

"In da Inna ta cika a makon nan fa? Da mi za mu rufe ta, da dariyar mutanen Kalgo?"

Ban jira amsarsa ba.

"Ka hau rumbu kana nema. Ka leƙa rijiya."

"Tsoronki nike ji, Adda."

Hawaye suka zubo masa. Na tsaya na dube su da kyau. Iri ɗaya ne da waɗanda na gani a tsakar gidanmu ran Juma'ar nan, ba ƙari ba ragi. Ban san wanne ne na gaskiya ba a cikinsu, kuma daga ranar ban sake sani ba.

Na ce, "Matarka ta sani?"

"Ta shigo ta iske ni ina ɗaure adakar, kina rijiya, Inna na barci. Na ce mata in ta faɗa wa kowa ban yafe ba."

Sai na zauna a kan akwatin wasansu. Mace in mijinta ya ce mata bai yafe ba, ya ɗaure ta da abin da ya fi igiya. Ba za ta tona shi ba, ba za ta kuma rantse da ƙarya ba. Tsakanin biyun nan na sa ta durƙusa a gaban mata fiye da goma.

Ya ce, "Tana lafiya dai?"

"Tana gidan ubanta, nan bayanka, yau kwana shida. Sunanta a Gwandu ɓarauniyar likkafani. Ba ta aiko maka ba?"

Ba ta aiko ba. Na tashi na kwance farin da hannuna, ban bar shi ya taɓa ba. Daga baya na yanke bakin da suka huda, na wanke sauran sau uku, na tambayi malami ya ce ba abin da ya same shi. Inna da ta ji labari ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce ashe likkafaninta ya riga ta yawon duniya. Ta ƙara shekara biyu, kuma da shi aka rufe ta.

Da safe muka tafi Diggi, shi yana tura keke, ni ina gaba. Mahaifinta yana ƙofar gida a inuwa yana ɗinkin taru, ya maƙale bakin zaren a babban yatsan ƙafa. Ya amsa sallama, ya sa aka kawo tabarma da ruwa. Bai daina ɗinki ba.

Ban iya ba da haƙuri ba, ban saba ba. Na faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe, na ce ni na yi kuskure, na zo biko. Auta ya fara nasa, da rawar murya. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Kai Malam, dakata. Na ji labarin wasanka, an ce ka iya. Bari in ji wadda ba ta iya ba." Ya juyo gare ni. "Yaya tasa, ɗiyata ta zo nan kwana bakwai ba ta gaya mini komai ba. A bakin masu kifi na ji. An ce mu mutanen ruwa mun saci likkafani mun yi aiki da shi. Ƙanwata da ta kai muku kifi, tun ranar ba ta fita kasuwa ba. Mutum nawa ke wurin da kika sa ta rantsuwa?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Ke? An ce ko tsinken tsintsiya kin san adadinsa."

Na ce sha ɗaya, ban da malami.

"To. Ni ban riƙe ki ba, Allah ya yafe mu duka. Amma haƙurin da kika kawo nan, ba nan ne wurinsa ba. A Diggi ba wanda ya ce ta yi sata. Ki koma inda kika ɓata ta ki wanke ta, gida sha ɗaya. In kin gama, ita ta san abin da za ta yi."

Aka kira ta. Ta fito daga wajen turmi da dusa a hannu, ta durƙusa ta gaishe ni kamar jiya muka rabu. Ta tambayi jikin Inna. Ta tambaya ko ana shafa mata man nan da safe. Mijinta ba ta dube shi ba.

Na koma Gwandu na yi abin da aka ce. Gida sha ɗaya na shiga, ɗaya bayan ɗaya, da rana tsaka, na tsaya a tsakar gida na faɗa da bakina: yarinyar nan ba ta ɗauki komai ba, ƙanena ne, ni kuma na yi mata ƙazafi. Wasu suka ce ai dama sun sani. Mai kitso ta ce ita tun farko ba ta yarda ba. Wata kuma, bayan na fita, na jiyo ta tana cewa ai rufa wa surukai asiri nake yi. Na dawo na sake faɗa mata, a hankali, har ta ce ta ji.

Auren bai mutu ba. Bayan wata guda ta koma wa mijinta, amma a Kalgo, ta ce Gwandu ba ta sake zama. Ta bi shi Sakkwato lokacin da ya bar koyarwa ya kama wasa gadan-gadan, ta bi shi Kaduna, ta haifa masa 'ya'ya bakwai. Shi yakan zo da mota, ya zauna a gabana ya ce Adda kaza, Adda kaza, ya yi dariya, wani lokaci ya yi ƙwalla in an tuna Inna. Ina ba shi ruwa, ina sauraro, ina kallon fuskar.

Ita ma takan zo, da salla ko in an yi rasuwa. Ba ta taɓa zuwa hannu sake ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. A tsakar gida take shimfiɗa tabarmarta, ba ta shiga ɗaki. Shekarar da ciwon baya ya kwantar da ni a rumfa, ta zo ta yi mini kwana tara tana jinya. Rannan na ce mata, "Shiga ɗaki ki ɗauko mini mayafina, yana kan gado."

Ta tashi ta je har bakin ƙofar, ta tsaya. Lokacin ita ma ta yi furfura. Ta juyo ta ce, "Adda, bari in kama ki mu shiga tare."